Dardumar Kaka: Ta Farisa Ce Ko Ta Kokesas?

Ɗan'uwa, na karanta saƙonka. Ka ce kun gaji wata tsohuwar darduma daga kakanku, wanda ya sayo ta a Makka tun kafin a haifi mahaifinka. Tsawonta ya kai mita biyu, gashinta dogo ne mai kauri, filinta ja, da manyan tambura uku masu kusurwa da ƙugiyoyi a jere, gefenta fari mai ganyaye kamar haƙoran zarto, kuma a wata kusurwa an saƙa ١٣١٢. Wani dillali ya ce maka ta Farisa ce, wani ya ce Kazak ce daga ƙasar Kazakistan. Kana son sanin yadda ake bambance saƙar Farisa, wato Iran, da ta Kokesas, yankin tsaunukan da ke arewa da ita, da kuma inda taku ta faɗa.

Abu na farko, ka kife ta. Na daɗe ina tantance irin waɗannan kaya, kuma kullum daga baya nake farawa, domin zane yana yawo. Ɗan kasuwa ya kan ɗauki samfuri daga wannan gari ya kai wancan, amarya ta kan tafi da zanen gidansu zuwa ƙauyen miji, masaƙan wani zamani su kwaikwayi na wani. Abin da ba ya yawo cikin sauƙi shi ne hannu: yadda mace ta koyi ƙulla zare a gaban uwarta, irin zaren da ake ɗaurawa a masaƙa, yawan zaren da ake ratsawa. Bakano na iya sanya hular Borno, amma da ya buɗe baki ka san ɗan ina ne. Bayan darduma shi ne karin harshenta.

Ga yadda ake gina ta. Ana miƙe zaruruwa a tsaye a kan katako, su ne ƙashin bayan aikin, kuma ƙarshensu ne gezar da kake gani a kai da ƙafa. Idan gezar ɗinka ta aka yi daga baya, to ko dai gyara ne ko kuma aikin inji. A kan kowane zare biyu na tsaye masaƙiya tana ƙulla guntun ulu mai launi ta yanke. In ta gama layi ɗaya sai ta ratsa zaren kwance, ta doke shi da ƙarfe mai haƙora ya zauna, ta shiga layi na gaba. Ƙullin iri biyu ne. A na farko ulun yana naɗe zaruruwan biyu duka, bakunansa biyu su fito tare ta tsakiya, shi ake kira ƙullin Turkawa. A na biyu yana naɗe zare ɗaya ne sosai, ya ratsa ƙarƙashin ɗayan kawai, sai bakunan su fito a rabe, shi ne ƙullin Farisawa. Ka lanƙwasa dardumar ta fuska har gashin ya buɗe, ka duba gindinsa da hasken rana, za ka gani. Sana'ar tsohuwa ce ƙwarai: dardumar Pazirik da aka tono a 1949 daga wani daskararren kabari a tsaunukan Altai, wadda take gidan tarihi na Hermitage a Rasha, ta haura shekara 2,300, kuma da ƙullin Turkawa aka yi ta.

Kada sunayen nan su ruɗe ka. Kusan duk tsohuwar saƙar Kokesas ƙullin Turkawa ce, wannan gaskiya ne. Amma Iran ta kasu. Kashan, Isfahan, Kirman, Mashhad, Nain da Ƙum suna ƙullin Farisawa, yayin da arewa maso yamma, wato Tabriz, Heriz, Hamadan da garuruwan Kurdawa, suke ƙullin Turkawa. Har garin Senna, Sanandaj ta yau, wanda 'yan kasuwar Turai suka laƙaba wa ƙullin Farisawa sunansa, da ƙullin Turkawa yake saƙa. Saboda haka in ka ga ƙullin Farisawa ka cire Kokesas daga lissafi. In ka ga na Turkawa, da sauran bincike.

Abin da mutane ke nufi in sun ce dardumar Farisa, galibi aikin birni ne. A can akwai mai zane daban, wanda yake fitar da hoton duka a takarda mai gida-gida, kowane gida ƙulli ɗaya, masaƙa kuma suna bin takardar, wani lokaci ma babbansu ne ke rera musu launukan suna ƙullawa. Ƙullin ƙanana ne a matse a kan zaren auduga ko siliki, shi ya sa ake iya fitar da layi mai lanƙwasa: rassa masu naɗewa, furanni, gajimare. Wannan salo ya kai ƙololuwa a zamanin daular Safawiyya, wadda ta fara a 1501. Babbar shaidarsa ita ce dardumar Ardabil da ke gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan. Tsawonta mita 10 da rabi, faɗinta ya ɗara mita 5, ƙullinta kimanin miliyan 26. A jikinta an saƙa shekarar 946 Hijira, wato 1539 zuwa 1540, zamanin Shah Tahmasp, da sunan Maƙsud Kashani. Filin shuɗi ne mai duhu cike da rassa, tambari mai ruwan ɗorawa a cibiya, da fitilu biyu a rataye. An sayo ta a 1893 kan fam 2,000, kuma tana da 'yar'uwa a birnin Los Angeles. Shah Abbas, da ya mayar da fadarsa Isfahan a 1598, ya kafa masaƙun fada, har ana saƙa na siliki da zaren zinariya da azurfa ana aika wa sarakunan Turai. Da Isfahan ta faɗi a hannun mayaƙan Afganistan a 1722, wannan babban aiki ya ja baya na tsawon lokaci.

Zanen birni yana da sunayensa, kuma ya kamata ka san kaɗan. Wanda ya fi yawa shi ne lacak-toranj, tambari a tsakiya da rubu'insa a kowace kusurwa huɗu, tsarin da za ka gane daga bangon tsofaffin littattafan Alƙur'ani masu ado. Akwai herati, fure a cikin murabba'i mai tsaye kan kusurwa, ganyaye huɗu masu lanƙwasa suna kewaye da shi, ana maimaitawa har fili ya cika. Farisawa na ce masa mahi, wato kifi, don ganyayen kamar kifaye suke. Akwai bote, mai kama da ɗigon ruwa da ya karkata kai, wanda yankin Saraband ya shahara da jera shi ƙanana-ƙanana. Akwai mina-khani, furanni da aka haɗe da rassa kamar raga. Akwai kuma zanen lambu, inda ake raba fili da magudanan ruwa gida huɗu, ko a yanka shi ɗaki-ɗaki kowanne da bishiyarsa, irin na Bakhtiyari. Kirman tana da tsohon salo da ake kira na tulu, kuma ɗaya daga cikin irinsa, ta ƙarni na 17, an sayar da ita a gwanjon Sotheby's na New York a 2013 kan fiye da dala miliyan 33.

Sai dai yawancin abin da ake kira tsohuwar dardumar Farisa a kasuwa bai kai can ba. Daga wajen 1870 ne buƙatar Turai ta farfaɗo da sana'ar, attajiran Tabriz suka zuba jari, kamfanin Ziegler na Manchester ya buɗe a Sultanabad, Arak ta yau, a 1883, yana ba da zane da launi daidai da ɗakunan Turawa. Nain da Ƙum ma, duk da sunansu, sai a ƙarni na 20 suka shiga saƙar darduma.

Inda ruɗani yake fitowa, irin wanda dillalinka na farko ya faɗa, shi ne ƙauyukan Iran. A ƙauye babu takardar mai zane, ƙullin kuma manya ne, don haka layi ba ya lanƙwasa, sai dai ya karye. Ka ɗauki Heriz, gabas da Tabriz, a gindin dutsen Sabalan. Zanenta lacak-toranj ne na birni, amma an mayar da shi kusurwa-kusurwa, har wanda bai saba ba ya ce ta Kokesas ce. Ka kife ta sai ka ga zaren auduga, kuma girmanta na falo ne. Hamadan tana ratsa zaren kwance ɗaya tak tsakanin layuka, shi ya sa bayanta yake da ɗigo-ɗigon fari kamar an barbaɗa gishiri. Bijar ta Kurdawa kuwa ana jiƙa zaren ana dukansa har dardumar ta yi tauri da nauyi, ba ta ninkuwa, in ka matsa mata ninki ma sai ta tsage. Bayan su akwai makiyaya: Ƙashƙayi na lardin Fars, masu hawa tsaunukan Zagros da bazara su sauko da hunturu, da Khamsa masu cika fili da ƙananan kaji, da Afshar, da Baluc na Khurasan masu launuka masu duhu. Su ulu suke ɗaurawa a kan ulu, a masaƙar ƙasa da ake naɗewa in za a yi ƙaura, shi ya sa dardumarsu ta kan ɗan karkace.

Yanzu Kokesas. Yanki ne na tsaunuka tsakanin Bahar Aswad da Tekun Kasfiya, inda yau ake da Azarbaijan, Armeniya, Jojiya da Dagestan. Kudancinsa ya daɗe a ƙarƙashin sarakunan Farisa, har yarjejeniyar Gulistan ta 1813 da ta Turkmencai ta 1828 suka miƙa shi ga Rasha. Don haka jini ɗaya ne ke gudana. Manyan dardumomin ƙarni na 17 da na 18 da ake kira masu dodo sun ɗauko dabbobi da furannin Safawiyya suka ƙarfafa su. Da aikin ya koma hannun matan ƙauye a ƙarni na 19, sai kowace ta ɗauki yanki guda ta faɗaɗa shi, tana saƙawa da ka. Fure ya zama tauraro, reshe ya zama ƙugiya, dodo ya zama lanƙwasasshen layi. Ni a wurina nan kyan saƙar Kokesas yake. Ta birnin Farisa tana neman ka durƙusa ka bi reshe ɗaya da ido, ita kuwa ta Kokesas daga bakin ƙofa take kama ka.

Kalmar Kazak ba ta da alaƙa da Kazakistan, a nan dillalinka na biyu ya kauce. Sunan garin Ƙazakh ne a yammacin Azarbaijan, kuma ana kiran saƙar duk tsaunukan da ke tsakanin nan da arewacin Armeniya da kudancin Jojiya da shi. Ƙasar sanyi ce, don haka gashin dogo ne, ulun mai sheƙi, ƙullin manya, zaren tsaye ulu ne da ba a rina ba, zaren kwance kuma sau da yawa ja ne, ana ratsa biyu, uku, har huɗu tsakanin layuka. Wannan ne ke sa ta laushi a hannu kamar bargo. Zanen kaɗan ne amma manya: Karacof mai babban farin tambari mai kusurwa takwas a tsakiya, Borjalu mai ƙugiyoyi baƙi da fari suna cin juna a gefe, Sewan mai siffa kamar garkuwa, Lori-Pambak, Fahralo mai mihrabi. Kudu da nan akwai Karabak, mai Celaberd, wanda 'yan kasuwa ke kira Kazak mai gaggafa saboda haskoki da ke fita daga tambarinsa kamar fukafukai, alhali asalinsa babban fure ne na tsofaffin dardumomin nan. Akwai kuma Condzoresk mai igiyoyin gajimare, zanen da ya taso tun daga Sin ya bi ta Farisa.

Gabas, wajen Tekun Kasfiya, hannun ya sauya. Shirwan, Kuba, Baku da Dagestan suna yanke gashi gajere, ƙulli ƙanana, darduma sirara, zane kuma ƙanana masu yawa. Perepedil ta Kuba tana da ƙahonin rago a jere a fili mai duhu. Cici tana da gefe mai sanduna a karkace. Seishur tana da gicciye a kwance da gefe mai kama da igiyar ruwa fari da shuɗi, wani lokaci har da wardi irin na Turai, tasirin kasuwar Rasha. Marasali dardumar salla ce cike da bote masu launi-launi kamar harshen wuta. Akstafa tana da manyan tsuntsaye masu jelar ɗawisu. Talish doguwa ce sirara, wani lokaci filinta shuɗi ne fayau babu komai. A wannan ɓangaren ne kuma aka fi yin sumak, saƙa marar gashi wadda ake naɗa zaren launi a kan na tsaye, a bar jelolinsa a baya.

Zan ja hankalinka kan sunayen nan. Da yawansu 'yan kasuwa ne suka raɗa, kuma zane ɗaya ana saƙa shi a ƙauyuka da dama. Masaƙan ma al'ummu ne daban-daban: Azarawa, Armeniyawa, Lezgi, Kurdawa da wasunsu, sun zauna maƙwabta suna aron zanen juna. Yau kowace ƙasa tana jan abin wajenta. In babu rubutu a jiki, kamar haruffan Armeniya ko na Larabci, ban yarda mutum ya rantse da ƙabilar masaƙiya ba.

Sai rini, wanda shi ne ke faɗin shekaru fiye da komai. Jan da, daga saiwar wani tsiro ake samunsa wanda Farisawa ke kira ronas, ana kama shi da alif, yana ba da ja mai ɗumi daga ruwan bulo zuwa ruwan goro. Kirman da Khurasan sun fi amfani da jan wani ƙwaro, mai karkata zuwa shunayya. Shuɗi kuwa baba ne, ɗan'uwan wanda ake zubawa a karofin Ƙofar Mata, kuma kamar yadda marinanmu suka sani, yawan tsomawa ne ke ƙara duhu. Rawaya daga ganyaye da ɓawon rumman. Kore sai an rina sau biyu, shuɗi da rawaya, shi ya sa tsohon kore mai kyau yake da daraja. Baƙi da ruwan ƙasa mai duhu ana haɗa su da ƙarfe, ƙarfen kuma yana cin ulu a hankali. In ka shafa tsohuwar Kazak ka ji baƙaƙen layuka sun zurma ƙasa da sauran, alama ce mai kyau. Haka in ka ga launin fili ya sauya kaɗan a ratsi-ratsi, wannan shi ne abrash, ulun ya ƙare an rino wani. Ba aibi ba ne.

Rinin kemikal ya fara a Ingila a 1856, kuma cikin shekara ashirin ya isa ƙauyukan nan. Na farkon ba su da kirki. Shunayya ta kan koɗe ta koma toka a sama alhali gindin gashin yana nan da launinsa, ruwan lemo ya kan yi tsawa ya ƙi laushi da tsufa, ja kuma ya kan zuba cikin fari in ruwa ya taɓa. Ka buɗe gashin ka gwada saman da gindin. Ka kuma jiƙa farin ƙyalle ka danna kan jan na ɗan lokaci ka ga ko ya kama.

Lambar da ka gani, 1312, in ta Hijira ce lissafinta mai sauƙi ne: ka raba da 33 ka sami kusan 40, ka cire daga 1312 saura 1272, ka ƙara 622, ya ba ka 1894. Wannan ya dace da lokacin da saƙar Kazak ta yawaita. Amma akwai abu uku. Masaƙiyar da ba ta yi karatu ba tana iya kwafo lamba daga tsohuwar darduma a matsayin ado. Macuta kan warware 'yan ƙulli su mayar da ٣ ta zama ٢ don a ƙara shekara ɗari, don haka ka duba bayan wurin ko ulun ya bambanta. Sannan Iran ta koma kalandar rana a 1925, inda 1312 take daidai da 1933.

A kan abin da ka siffanta, zuciyata ta fi karkata ga Kazak ta ƙarshen ƙarni na 19. Dogon gashi, jan fili, tambura uku masu ƙugiya da farin gefe mai ganyen zarto duk nata ne, gefen nan ma yana cikin waɗanda aka fi gani a Kokesas. Hanyar da ta zo ma ta yi daidai, domin alhazan waɗancan ƙasashe sun saba tafiya da dardumomi su sayar a Makka da Jidda su yi guzuri. Abin da zai rushe wannan zato shi ne auduga. In zaren tsayen farar auduga ce, to ka duba wajen arewa maso yammacin Iran, inda garuruwa irin su Ardabil da Meshkin suka kwaikwayi zanen Kokesas a ƙarni na 20. Ka ciro zare ɗaya daga geza ka ƙona: ulu yana warin ƙonannen gashi ya dunƙule, auduga tana ci kamar takarda ta bar toka. Yankin Kars na Turkiyya ma yana saƙa mai kama da ita a kan ulu, amma launukansa sun fi dusashewa zuwa ruwan ƙasa.

Kafin ka nuna wa wani, kada a wanke ta da omo ko bilic, kada a shanya ta a rana tsaka, kada tela ya yanke geza ko ya manna mata wani abu a baya. Asu ne babban abokin gabarta, yana son duhu da wurin da ba a motsawa, don haka a riƙa fito da ita inuwa ana kakkaɓewa a hankali. In za a ajiye, a naɗe ta a cikin farin yadin auduga, ban da leda, a ɗora a kan wani abu, kada ta taɓa ƙasa, saboda damina. Ka turo mini hoto huɗu da hasken rana: fuskar duka, bayan wata kusurwa da ma'auni a kai don in ƙirga ƙulli, geza tare da bakin gefe, da wurin lambar ta baya.